Me ke dakushe siririn bakin yanka, aiki ya fito da kaushi?

Wani matashi mai shago a Sharaɗa ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ƙaramin injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, ina sassaƙa hatimin tagulla wa masu jaka da takalman fata, wani lokacin kuma ina zana rubutu a jikin mazubin masu roba. In na ɗaura bakin yanka na milimita 3 ba ni da matsala. Amma in na sa na rabin milimita, ko ya karye, ko kuma ba a jima ba aikin ya fara fitowa da kaushi da geza a gefe. Injina yana juyi 24,000 a minti. Na rage gudun tafiyarsa har zuwa milimita 30 a minti don in lallaɓa bakin, abin sai ƙara lalacewa yake yi. Bakin ne jabu, ko injin ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa nema albarka. Lambobin da ka kawo sun ishe ni in faɗa maka abu ɗaya kai tsaye: kafin ka tuhumi mai sayar da bakin ko injin, tuhumi lallaɓawar. Ita ce ke cinye maka kaifi. Na san maganar za ta yi maka banbaraƙwai, domin duk wanda ya koyi aiki a gaban manyan injuna an horar da shi cewa siririn abu a hankali ake binsa. Gaskiya ne, amma a hankalin yana da iyaka. In ka gangara ƙasa da ita, bakin ya daina yanka, ya koma gurza.

Mu yi lissafin tare. Bakin rabin milimita yawanci haƙora biyu gare shi. Juyi 24,000 sau haƙora biyu, sara 48,000 ke nan a minti guda. Raba milimita 30 ɗin nan gida 48,000, za ka ga kowane haƙori cizon maikiron 0.6 kawai yake samu. Maikiron ɗaya shi ne milimita guda an kasa ta gida dubu, silin gashin mutum kuwa kaurinsa yakan kama daga maikiron 50 zuwa 100. Riƙe wannan 0.6 a ranka.

Yanzu kaifin kansa. Babu kaifin da ya ƙare a sifili. Duk yadda bakin ya yi ƙyalli a ido, in ka sa shi ƙarƙashin madubi mai ƙara girma za ka tarar ƙarshen kaifin a dunƙule yake, ɗan zagaye ne wanda daga tsakiyarsa zuwa gefe yakan kai maikiron 1 zuwa 4 ko da sabo ne fil. Dalili kuwa yana cikin abin da aka yi bakin da shi, wato kabaid. Kabaid ba narkakken ƙarfe ba ne da aka zuba. Garin tangistin kabaid ne aka gauraya da garin wani ƙarfe mai suna kobal, wajen kashi 6 zuwa 12 cikin 100, aka matse aka gasa har suka kama juna, dabarar da aka fara a Jamus a 1923. A irin na siraran bakuna ƙwayoyin garin ba su kai maikiron ɗaya ba, amma dai ƙwayoyi ne, kuma dutsen washi ba zai iya fitar da kaifin da ya fi ƙarfin ƙwayar ba, sai ta ɓantare. A bakin milimita 10 da ke cizon maikiron 100, wannan ɗan dunƙulewa ba a ma lissafa shi. A naka, dunƙulewar tana iya ninka cizon sau huɗu ko biyar.

Je ka tsaya wajen mai kilishi ka kalli hannunsa. Wuƙar da ta ɗan dakushe za ta iya raba tsokar nama gida biyu ba gardama. Amma a ce ta fere naman nan fale-fale yadda za a shanya, ba za ta iya ba, sai dai ta danne shi ta ture shi gaba. Iya sirantar abin da za ka fere, iya kaifin da yake nema. Haka ƙarfe yake. Akwai mafi ƙarancin kaurin da dole haƙori ya ciza kafin sassaƙe ya ɗago, kuma masu bincike sun auna shi a ƙarafa daban-daban, sun same shi galibi tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na zagayen kaifin. In zagayen naka maikiron 3 ne, iyakar tana wajen 0.6 zuwa 1.2. Ka ga ke nan kana daidai bakin iyakar, ko ma ƙasa da ita. Ƙari a kan haka, wannan 0.6 ɗin a tsakiyar faɗin ramin da bakin ke yankawa kaɗai haƙori ke samunsa. Yana shiga ne daga sifili, ya ƙaru, ya sake komawa sifili wajen fita. Saboda haka mafi yawan zagayensa a danna yake yinsa.

Abin da ke biyo baya shi ne ainihin ciwonka. Haƙori ya zo ya danne ƙarfen, ƙarfen ya lotsa ya ba shi hanya, yana wucewa ya ɗago ya gogi bayan kaifin. Na biyu ya zo ya yi haka. Sai abin ya taru ya kai kaurin da za a iya ɗauka, sannan wani haƙorin ya fizge shi gaba ɗaya. Nauyin da ke kan bakin ya zama hawa da sauka, fuskar aiki ta zama yagaggiya maimakon yankakkiya, abin da aka ture gefe kuma ya miƙe a leɓen ramin, shi ne gezar da kake gani. Gogayyar tana haifar da zafi, tana ƙara dunƙule kaifin. Kaifi na ƙara dunƙulewa, iyakar nan na ƙara hawa, cizon da jiya yake yanka yau ya koma gurza. Kai kuma da ka ga aiki ya fara muni sai ka ƙara rage gudu. A ƙarfen da ba ya tsatsa abin ya fi muni, domin shi dannawa taurara shi take yi, haƙori na gaba ya tarar da fatar da ta fi wadda na farko ya tarar tauri.

Maganin farko ke nan: ka ƙara gudun tafiya, ka rage zurfi. Nemi cizon maikiron 3 zuwa 5 ga kowane haƙori. A juyi 24,000 da haƙora biyu, wannan yana nufin wajen milimita 150 zuwa 240 a minti, wato ninki biyar zuwa takwas na abin da kake yi yanzu. Hannunka zai yi nauyi ranar farko, na sani. Abin da zai kare bakin daga karyewa shi ne zurfin da kake nutsa shi. Fara da milimita 0.05 a kowane zagaye, wato duk wucewa ɗaya da bakin zai yi a kan aikin, kashi ɗaya cikin goma na kaurin bakin. A tagulla mai kyau kana iya hawa a hankali zuwa 0.1 kana kallon sakamako, a baƙin ƙarfe kuma ka sauka ƙasa da 0.05. Zagaye da yawa marasa zurfi da cikakken cizo sun fi zagaye ɗaya mai zurfi ana jan ƙafa, kuma in ka lissafa lokaci za ka ga ba ka yi asara ba.

Juyin kuwa, ka bar shi a ƙarshen abin da injin ke iya yi lafiya. Juyi 24,000 yana da yawa a kunne, amma gefen bakin rabin milimita a wannan juyi mita 38 kacal yake shafewa a minti. Kabaid a tagulla ko alminiyam ya fi son mita 100 zuwa sama, kuma kafin ka kai 100 da wannan bakin sai ka yi juyi kusan 64,000. Shi ya sa injunan da aka ƙera musamman don wannan aiki suke juyi 60,000, wasu su haura 100,000, wasunsu ma sandar juyinsu a kan matsattsiyar iska take shawagi ba a kan boris ba. Ƙarancin gudu yana jawo wata cuta: ƙarfen da ake yanka ya riƙa liƙewa a kan kaifi, ya taru ya zama wani baƙon kaifi mara siffa, ya yi ta kartar aiki, ranar da zai ɓalle kuma ya tafi da ƙwayoyin kabaid. Alminiyam da jan ƙarfe da ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi yin wannan. Sa'arka ɗaya, tagullar da aka yi don injin sassaƙa tana ɗauke da dalma kusan kashi 3 cikin 100, wadda ke sa sassaƙe ya karye ƙanana ya zube ba tare da liƙewa ba.

Abu na biyu da nake so ka duba, wanda a injuna irin naka yakan yi daidai da na farko wajen ɓarna, shi ne rawar baki. Ba a samun bakin da ke juyawa cif a kan tsakiyarsa, dole akwai ɗan karkata daga sandar juyi, daga mariƙin da ke damƙe shi, ko daga yadda aka ɗaure. A babban baki rawar maikiron 10 ba ta hana komai. Amma ka ce cizonka maikiron 4 ne, haƙori ɗaya kuma ya fi ɗan'uwansa leƙowa waje da maikiron 10. Dogon zai kwashe rabonsa da na ɗan'uwansa, maikiron 8 a kowane juyi, gajeren ya yi ta zagaye a banza, ko ya ɗan shafi bango yana gurza. Alamarsa a bayyane take: in ka duba bakin da ya gaji ka ga haƙori ɗaya ya cinye ɗaya kuma kamar sabo, ko ka auna rami ka ga ya fi bakin faɗi, to rawa ce. Nemi agogon awo mai nuna milimita 0.001, ka ɗora harshensa a kan ƙugun bakin mai kauri daf da mariƙi, ka juya da hannu. Kada ka kuskura ka ɗora shi a kan siririn kan, nan take zai ɓantare. In ka ga rawar ta wuce maikiron 5, kwance, wanke mariƙin da ramin sandar da sifirit, juya bakin kaɗan, sake ɗaurewa, sake aunawa. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage ta da rabi. Sayen mariƙi guda ɗaya mai inganci da ka keɓe don siraran bakuna ya fi maka sayen bakuna goma. In duk ka yi rawar ta ƙi sauka, koma wa baki mai haƙori ɗaya a tagulla da alminiyam, ka yi lissafin cizonka a kan haƙori ɗaya, tunda dama shi kaɗai ke aiki.

A nan Kano wannan tsafta ba ƙawa ba ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana sauke mana ƙurar da ta kwaso daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. Ƙwaya ɗaya mai maikiron 10 in ta maƙale tsakanin mariƙi da sanda, ta ba ka rawar da ta fi cizonka. Ka ajiye mariƙai da bakuna a rufaffiyar roba, ka yi wa injin akwati ko da na katako da gilashi ne, kuma kada ka bari mai gurza ƙarfe da dutse ya yi aiki a ɗaki ɗaya da shi.

Tsawon da ka bari a waje shi ma lissafinsa ba ya yafiya. Lanƙwasar baki tana ƙaruwa da tsawo sau kansa sau uku, tana raguwa da kauri sau kansa sau huɗu. Ma'ana, in ka ninka tsawon siririn ɓangaren, zai lanƙwasa ninki takwas. In ka raba kauri biyu, ninki goma sha shida. Tsakanin bakinka na milimita 3 da na rabin milimita kauri ya ragu sau shida, shida sau kanta sau huɗu kuwa 1,296 ne. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin bakin da ba ya ba ka matsala da wanda ke karye maka. Don haka in zanen hatimi zurfinsa milimita ɗaya ne, kada ka sayi baki mai dogon wuya na milimita huɗu don wai zai yi maka aiki iri-iri. Sayi mafi gajarta da zai kai ƙasan ramin. Kuma ga rubutu da zanen hatimin fata, ni da za ka bi tawa, da baki mai siffar tsini za ka yi mafi yawan aikin, wanda kansa siriri ne amma jikinsa na ƙara kauri zuwa sama. Ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, bangon da yake bari a karkace kuma yana taimaka wa hatimi ya saki fata ba tare da ya yage ta ba.

To yaya za ka gane baki ya gaji tun kafin ya ɓata maka aiki? A nan ilimin manyan injuna ba zai raka ka ba. Tun 1906 Frederick Taylor na Amurka ya gabatar da sakamakon gwaje-gwajen da ya shafe shekara 26 yana yi, inda ya nuna yadda ƙarin gudun yanka ke rage kwanan baki, kuma har gobe ana koyar da lissafinsa a sashen injiniya. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 8688 ta gwajin irin waɗannan bakuna kuma ta ɗauki cinyewar milimita 0.3 a bayan kaifi a matsayin ƙarshen rayuwar baki. Milimita 0.3 ya fi rabin bakinka gaba ɗaya. Tun da nisa kafin ya kai wannan ya riga ya tashi daga aiki. Kunne ma ba zai taimake ka ba, ƙarar sandar juyi ta danne komai, ba kuma wani tartsatsi ko hayaƙi da za ka gani.

Abin da masu wannan aiki ke dubawa shi ne kusurwar haƙori, inda gefe ya haɗu da ƙasa. Nan ne ke fara cinyewa, ya zagaye, kaurin bakin ya ragu, ramin da yake yankawa ya tsuke. Ba sai ka mallaki na'urar jami'a ba. Madubin da masu gyaran waya ke amfani da shi a Farm Centre da titin Beirut, wanda ake haɗawa da allo ko kwamfuta, ya isa ya nuna maka kusurwar da ta zagaye, da ɓantarewa, da ƙarfen da ya liƙe. Ɗauki hoton kowane baki yana sabo, ka riƙa kwatantawa bayan kowane aiki.

Sai dai ga wani tarko da nake so ka kiyaye, domin yana ruɗin har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Santsin ƙasan rami ba shaidar lafiyar baki ba ce. Sabon baki mai kusurwa tsaf yakan bar 'yan layuka a ƙasa. In kusurwar ta ɗan zagaye sai ta riƙa shafe layukan, ƙasan ya yi sheƙi, ma'aunin kaushi da ake kira Ra ma ya nuna ya ragu. Mai aiki ya ji daɗi, alhali kaifi ya kama hanyar mutuwa, kuma sheƙin nan na dannawa ne. Mai faɗin gaskiya ita ce geza. Tana ƙaruwa ne kafaɗa da kafaɗa da dakushewa, ba ta ja da baya. A rami za ka ga leɓe ɗaya ya fi ɗaya geza, wannan ba laifi ba ne, domin a gefe ɗaya haƙori shiga yake yi a ɗayan kuma fita. Abin lura shi ne ranar da ta fara tsawo fiye da yadda ka saba gani a wannan ƙarfe da wannan lissafi. Ka kuma duba abin da ke zubowa. Lafiyayyen yanka yana fitar da 'yan sassaƙe masu siffa da ƙyalli in ka kalle su a madubi. In gari kake gani mai laushi, gurza ake yi.

Ka ɗauki gezar nan da muhimmanci, domin a ƙaramin aiki cire ta ya fi hana ta wuya. Zarto ko takardar gurza da za ka sa sun fi zanen girma, garin cire geza sai ka cinye bakin harafi. Buroshi mai laushi na tagulla da injin wanki mai girgiza ruwa irin na masu gyaran waya sun isa ga ƙaramar geza. Babba kuwa a kan injin ake maganinta, da zagayen ƙarshe na baki mai kaifi.

Wannan ya kawo ni ga tsarin aikin. Kada siririn baki ya yi aikin da babba zai iya. Kwashe fili da na milimita 3, bi da na milimita 1, ka bar wa ƙaramin lunguna kaɗai. Ware baki ɗaya na gamawa, wanda ba ya taɓa aikin kwasa, in ya fara gajiya ka mayar da shi na kwasa ka buɗe sabo. Abin da za ka bar wa zagayen ƙarshe kada ya yi ƙanƙanta har ya faɗa ƙasa da iyakar nan, maikiron 10 zuwa 20 ya yi. Mutane da yawa suna barin maikiron biyu suna cewa gogewa ce, su tashi da bango mai dameji. Kada ka nutsa baki tsaye kamar mai huda, shigar da shi a gangare, digiri ɗaya ko biyu. A kusurwa mai kaifi injin yakan rage gudu don ya juya, cizo ya faɗi daidai lokacin da bakin ya fi nutsewa cikin ƙarfe, shi ya sa za ka lura yawancin karyewa a kwana take faruwa. Zagaye kwanonin a zanenka in mai aikin zai yarda. Sannan ka share fuskar ƙarfen a kan injin kafin ka fara. In farantin ya karkata da milimita 0.05 daga wannan gefe zuwa wancan, zurfin da ka sa ya ninka ba ka sani ba. Dabarar sa takarda a ƙarƙashin baki don gano sifili, wato daidai inda baki ya fara taɓa fuskar ƙarfe, ita ma ka yi hattara da ita, takardar rubutu kaurinta wajen milimita 0.1 ne, ninki biyu na zurfin yankanka.

Batun sanyaya gajere ne. Kada ka kwarara wa siririn baki ruwa da ƙarfi. Abin da yake buƙata shi ne a kore sassaƙe daga rami don kada ya sake taka su, a kuma ɗan shafa masa mai don kada ƙarfe ya liƙe. Busasshiyar iska da ɗan feshin mai kaɗan ta wadatar. A tagulla mai dalma iska kaɗai ma ta isa. Ka dai riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfaresa, musamman da damina.

Za a yi ta tallata maka bakuna masu rufi, masu launin toka ko shuɗi-shuɗi, a ce sun fi ƙarko. Rufin da ake kira TiAlN, haɗin taitaniyam da alminiyam da naitirojin, da danginsa yana da amfani ƙwarai a baƙin ƙarfe mai tauri, inda zafi ke da yawa. Amma kaurinsa maikiron 1 zuwa 3 ne, kuma a kan kaifin yake kwanciya, ya ƙara dunƙule shi. A tagulla da alminiyam baki tsirara mai gogaggen jiki ya fi, kuma ya fi araha. Rufin daimon yana da kyau a garafait, wato baƙin abin nan na cikin fensir, da alminiyam, amma kada ka kai shi kan baƙin ƙarfe, domin da zafi sinadarin kabon ɗinsa narkewa yake yi cikin ƙarfen.

Ƙarfen da kake yankawa shi ma ka tuhume shi. Ga bakin milimita 10, ƙarfe abu ɗaya ne dunƙulalle. Ga haƙorin da ke cizon maikiron 4, ƙarfe tarin ƙwayoyi ne masu faɗin maikiron goma-goma zuwa sama, wasu masu laushi wasu masu tauri, yana fita daga wannan yana faɗawa wancan. In ka sayi guntun tagulla a Ƙofar Ruwa, ka tambaya ka kuma duba: farantin masana'anta ne, ko narkakken tarkace ne aka zuba a yashi? Zubin gida yana da kyau ga aikin maƙeran farfaru, amma yakan ɓoye ƙwayar yashi da ƙananan ramukan iska, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓantare maka kusurwa. In ka samu farantin da ya karɓe ka, sayi da yawa daga gare shi, ka tsayar da lissafinka a kansa.

Zafi kuma kada ka raina shi a garin da Afrilu ke haura digiri 40, asubahin Janairu kuma ke sauka ƙasa da 15. Baƙin ƙarfe mai tsawon milimita 100 yana ƙaruwa da wajen maikiron 12 in zafi ya hau da digiri 10, alminiyam kuma wajen 23. Sandar juyi ita ma tana miƙewa in ta ɗumama, bakin ya ƙara nutsewa. Kunna ta ta yi minti 15 zuwa 20 tana juyi a banza kafin ka ɗauki sifili, kuma kada ka fara aikin gamawa da sanyin safiya ka ƙarasa shi da azahar. Janareta kada ya zauna a daɓe ɗaya da injin, girgizarsa za ta fito a fuskar aiki. In da hali ka sa injin a kan inbata, domin ɗaukewar wuta baki na cikin rami kusan kullum karyewa ce.

Game da mazuban roba kuwa, ka rarrabe. Wanda aka yi da alminiyam ko ƙarfe mai matsakaicin tauri irin P20, wajen 30 a ma'aunin tauri na Rockwell C, za ka iya zana shi da baki mai rufi, gajere, da zurfi kaɗan ƙwarai. Wanda aka riga aka taurara ya kai 50, ba na ba ka shawarar ka tunkare shi da bakin rabin milimita a wannan injin. Ana yinsa a duniya, amma da injunan da rawarsu ba ta wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Hanyar da ta dace da kai ita ce ka sassaƙa siffar a jan ƙarfe ko garafait, wanda injinka zai iya, a kai wa mai injin da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki ya ƙona ta a jikin mazubin. Taurin ƙarfe bai dami wannan injin ba, kai ma ka ci kuɗin aikinka ba ka zubar da bakuna ba.

Kafin ka karɓi aiki na gaba, sadaukar da baki ɗaya da guntun tagulla ɗaya. Share fuskarta, auna rawa, sa zurfin 0.05, ka yanka ramuka biyar a jere masu tsawon milimita 20: kowane da gudunsa, milimita 50, 100, 150, 200 da 250 a minti. Fara da mai saurin ka gangaro, don kada gurzar mai jinkirin ta dakushe bakin kafin a zo kan sauran. Kai farantin ƙarƙashin madubi ka dubi leɓen kowane rami da ƙasansa, ka rubuta gudun a gefensa da alƙalami. Wanda ya fi ƙarancin geza shi ne lissafinka na wannan ƙarfe da wannan baki. In ka samu dama ka turo min hotunan tare da abin da agogon awo ya nuna, sai mu duba zurfin da za ka iya ƙarawa.